Hoton Jirgin Gona

Yaya Rabi,

Gaisuwa daga Makka. Na ji Inna ta samu sauƙi, ƙanenmu Datti kuwa har yanzu tari. Ni lafiya, gajiya ce kawai.

Kin ce 'yata Hanifa ta daina karɓar wayata tunda ta ga hotona a jirgin ƙasa, ina rungume da wata yarinya. Manar ce, 'yar uwargijiyata. Gona suka je yawo, ni raino ya kai ni. Jirgin ma tsohon tarago ne na gonar, ya zagaya dabino ya dawo inda ya taso. Da Kano yake zuwa, wallahi da ban sauka ba.

Ki karanta mata, da hannuna na rubuta. Ki sanar da ni kafin Arfa ko ta huce.

Ƙanwarki,
Zubaidatu