Wayar Da Habiba Ta Ba Ni Ajiya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban makarantar koyon aikin likita inda 'yata take karatu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da malaman da ke ƙarƙashinka. Sunana Sule, mahauci ne ni a Garuwa, kuma ni ne mahaifin Habiba ta aji uku. Ba zan ambaci sunan makarantarku ba, ba tonon asiri ya kawo ni ba. Na rubuta maka sau biyu a rufaffiyar takarda ban ji amsa ba, shi ya sa na fito fili, da iznin yarinyar. Zan fara da laifina kafin in zo kan naku, don nawa ya fi girma.

Na farko. A shekararta ta biyu Habiba ta fara ɗaukar gajerun bidiyo tana sakawa a dandalin sada zumunta. Sanye da farar riga, tana bayani da Hausa da Fulatanci kan hawan jini, ciwon suga, da zawon yara. Mutane suka so abin. Ni kuwa kaina ya kumbura. Na riƙa jingina wayata a gefen teburin nama ina kunna wa duk wanda ya zo saye. Dillalan shanu daga Ngong, 'yan kasuwa daga Mayo-Oulo, kowa ya san fuskarta, ni kuma aka koma kirana Baban Likita. Idan na kira ta ba na tambayar karatu ko abinci. Mutum nawa suka kalla, ita ce tambayata. Shekara guda ina yi mata ita.

Da ta zo hutu na ga ta rame. Tana cin tuwo da dama, hagu na kan waya. Ba ta barci. Wani da ba ta taɓa gani ba ya rubuta mata baƙar magana, ta wuni a ɗaki tana kuka, tana sake karantawa. Mahaifiyarta ta ce mini yarinyar nan ba lafiya ba. Na ce wahalar karatu ce.

Wata ranar Laraba ta hau moto, wato babur, ta same ni a kasuwa, abin da ba ta saba yi ba. Ta miƙo mini wayar a naɗe cikin ɗankwali, ta ce, "Baba, ka ajiye mini wannan. Ko na roƙe ka, kada ka ba ni."

Na jefa ta cikin akwatin da nake ajiye wuƙaƙe. Kwana huɗu Habiba tana zirga-zirga a tsakar gida kamar wadda ta rasa wani abu, amma ba ta roƙa ba. A rana ta huɗun ma ta yi barci har hantsi, ta tashi ta taya uwarta tankaɗe. Washegari wani babban dillali da nake sayen shanu a hannunsa ya tambaye ni me ya sa likitarmu ta yi shiru, matarsa na jiran bayanin ciwon suga. Kunya ta kama ni. Da yamma na ɗauko wayar na kai mata da hannuna, na ce kada ta ba ni kunya, mutane na jira. Ta sa hannu biyu ta karɓa.

Ranka ya daɗe, shekara talatin ina sana'ar nan, daga nesa nake gane dabbar da ba ta da lafiya. 'Yar cikina ta faɗa mini da bakinta, ban gane ba.

Na biyu, a nan naku ya shigo. Da ta koma makaranta ta sake gwadawa ita kaɗai. Ta ba ƙawar ɗakinta babbar wayar, ta sayi ƙarama mai maɓalli. Sai ga shi duk sanarwar makarantarku a guruf ɗin aji na babbar waya ake sakawa, ba a liƙa komai a allo. Aka matso da wata jarrabawa daga yamma zuwa safe, aka sanar da asubahin ranar. Ƙawar tata ta kwana aiki a asibiti, ba wanda ya faɗa wa Habiba. Habiba ta iso ta tarar an gama, aka rubuta mata sifiri. Me kuke so ɗalibin da waya ke cutarwa ya yi, alhali kun ɗaura karatunsa a jikinta?

Na uku. Ta je ofis ta yi bayani. Ba ta ɓoye komai ba. Ta ce ba ta barci, gabanta na faɗuwa babu dalili, ba ta iya karanta shafi ɗaya sai ta nemi waya. Jami'in da ta samu ya ce doka doka ce, kuma wanda zai zama likita ba ya kukan gajiya. Ya ce ta yi munyal, wato haƙuri, ya kira na bayanta. Makarantar da ke koyar da ciwon ƙwaƙwalwa a aji ba ta da ɗaki ko ɗaya da ɗalibi zai shiga ya ce shi ne marar lafiyar.

Daga nan ta karɓo babbar wayar, ta daina zuwa aji. Wata biyu tana kulle a ɗaki. Tsofaffin bidiyonta take sake sakawa don kada in gane, ni kuma ina kasuwa ina nuna wa mutane. Lambata tana cikin takardun da na cike muku da kaina. Wata biyu kujerarta babu kowa, ba wanda ya kira ni. Marta, ƙawar ɗakin nata, ita ta nemo lambata. Ta ce in zo yau, don Habiba ta fara cewa ta gaji da rayuwa. Allah ya saka wa yarinyar nan da alheri.

Na rufe tebur na je na ɗauko ta. A hanyar dawowa motar ta tsaya a Ngong, na sayo mata kunu da ƙosai. Wani fasinja ya gane ta, ya matso yana murna, yana so su ɗauki hoto. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni na koya wa mutane yi mata haka.

Yanzu tana ganin likitan ƙwaƙwalwa a nan Garuwa, tana shan magani, barci ya fara dawowa. Ta buɗe littattafanta. Tana son komawa, likitanta ya ce za ta iya.

Don haka ina roƙonka, ranka ya daɗe. Ka ba ta damar komawa ta maimaita shekarar, kada a ɗauki rashin lafiya a matsayin gudun karatu. A riƙa liƙa sanarwa a allo tun kwana ɗaya kafin lokaci. A samar da wanda zai saurari yaran nan a asirce, ba tare da sun ji tsoron za a rubuta a takardunsu ba. Kuma idan ɗalibi ya ɓace mako guda, a kira gidansu. Habiba ta ce in ƙara maka cewa ba ita kaɗai ba ce a ajinsu, ita ce dai wadda aka zo aka ɗauka.

Na iya rubuta maka duk wannan, amma har yau ban iya zama a gabanta in nemi gafara ba. Kullum da niyyar nake tashi, sai in wuce mayanka. Ita da kanta ta karanta wannan takardar ta gyara mini kurakurai, da ta zo nan sai ta bar shi yadda yake, ba ta taɓa komai ba.

Allah ya taya ka riƙon amanar 'ya'yan mutane, ya shirya maka naka, ya sa ka ji su tun suna iya magana.

Wassalam.

Sule Mahauci, Garuwa.