Motar da Ke Jin Sanyi a Arlit

Arlit, daren Laraba, tsakiyar bazara

Yau ma motar nan ta ce mini sanyi ake yi. Rana tsaka, sitiyari ba ya taɓuwa don zafi, amma allonta na nuna digiri sha biyu. Fasinjan da na ɗauko daga Akokan har dariya ya yi, wai motar ba ta san Baturen da ya sayar mini da ita ya tafi ya bar ta a nan ba.

Na kai ta garejin Isufu. Ya kwanta ƙarƙashinta, ya zaro ɗan abin awon zafin, ya hure ƙasar da ta toshe shi, ya ɗaure wayar da ta saki. Nan take lamba ta haura arba'in.

Ya ce, "Yaya Sani, me wannan zai ƙara maka? Kowa ya san ana zafi. Taya ya kamata ka canza."

Gaskiyarsa. Amma ni na gaji da abin awon da ke raina mini hankali. Duk shekarun da na yi a ramin uraniyum, da wata 'yar na'ura maƙale a ƙirjina, wai tana auna gubar da ke shiga jiki. Lokaci-lokaci su karɓe ta, su ce ba komai. Ban taɓa ganin lambar da idona ba. Aka rufe rami, aka sallame mu.

Tarin nan ya sake hana ni barci, matata Hadiza na juyi tana yi kamar ba ta ji. Lokotoron asibiti ya ce ƙura ce kawai, ko taɓa ni bai yi ba.

Ita dai mota ta samu wanda ya kwanta a ƙasa ya duba ta.