Rasuwar Madam Ogochukwu Ibekwe, Mai Surfanin Rigunan Filo

Cikin alhini mai nauyi da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Mata Masu Zane da Surfani ta Jos, ƙarƙashin jagorancin Shugabarta, Hajiya Maimunatu Datti, ta samu labarin rasuwar uwarmu kuma malamarmu, Madam Ogochukwu Ibekwe, wadda Allah Ya yi wa cikawa da hantsin Talata a Bukuru, tana da shekara sittin da ɗaya, bayan gajeriyar jinya.

Marigayiyar ta shafe shekara goma sha takwas tana koyar da surfani a zaurenmu, kullum tsaf da ita, ɗankwali a goge. Muna shaida wa jama'a, cikin jin kunya, cewa shekara huɗu daga ciki ba ta da ɗakin kanta, kuma babu ɗayarmu da ta gane. Bayan rasuwar maigidanta an sayar da gidan da suke haya aka rushe shi, sai ta koma kwana inda ta samu: mako guda wajen ƙawarta a Gangare da sunan baƙunci, wata guda a shagon wani tela. Ko 'yarta da ke karatu a Enugu ba ta faɗa wa ba.

Ranar da ta yanke shawarar bayyana halinta, farar rigar filo ta kawo, ta surfance ta da shuɗin zare: sunayen wurare ashirin da bakwai da ta taɓa ajiye kanta, a tsakiya kuma ƙofar da take yawan gani a mafarki, da makulli a jiki. Ta shimfiɗa a tebur, ta ce duk wadda ta san irin wannan barci ta ɗauki allura. Mata uku a cikinmu suka miƙa hannu. Kafin ƙarshen damina sun kai tamanin, har da malamar makaranta da mai tuyar ƙosai. Aka shanya rigunan a igiya tsakanin duwatsun bayan Bukuru, gajimare ya sauko ƙasa-ƙasa, iska na kaɗa su, mutane na bi a hankali suna karantawa. A nan wani magidanci ya gane ɗinkin ƙanwarsa, ya zauna a kan dutse ya yi kuka, washegari ya ba ƙungiya ɗaki uku a Rikkos, waɗanda har yau mata ke fakewa a ciki.

Muna miƙa ta'aziyya ga 'yarta tilo, Malama Adanna Ibekwe, da ƙanin marigayiyar, Injiniya Chibuike Nwosu, da ɗaukacin dangi, tare da addu'ar Allah Ya ba su juriyar wannan babban rashi, Ya ba malamarmu hutu na har abada. Roƙonmu ga mutanen Jos ɗaya ne: gobe da safe, in kun ce wa mace ina kwana, ku tsaya ku saurari amsarta.

Sa hannu:
Uwargida Kaneng Dalyop
Jami'ar Hulɗa da Jama'a,
Ƙungiyar Mata Masu Zane da Surfani ta Jos