Ruwan Sanyi a Ofishin Lauya

Aikin farko yau: goge teburin maigida, jera takardun majalisa.

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon ƙafar? Ni jiki lau, sai dai zuciya.

Baba ya iso jiya, yau na kawo shi ofis. Ya zo da hoton jan fentin da aka shafa wa bangon gidanmu, na hanyar da za ta bi ta kansa. Cewa yake Lauya ba zai bari a rushe ba, tunda a zaurenmu ya fara buɗe ofis, lokacin takalminsa ɗaya, kuma Baba ne ya kai ni wurinsa akawu.

Ba ki san tsarinmu a nan ba. Tun da Lauya ya shiga majalisa ba ya cewa ba zai ga mutum ba. In na faɗi wanda ya zo, ko ya ce a ba shi shayi, ko ya ce a ba shi ruwa. Mai shayi zai shiga. Mai ruwa zai zauna har a tashi.

Na shiga na ce Baba ne. Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Au, tsohon nan yana nan? Ba shi ruwa." Na ce ranka ya daɗe, maganar gidanmu ce. Ya ce, "Ni na kawo ƙudurin hanyar. So kake in miƙe a majalisa in ce a lanƙwasa ta saboda zauren ubanka? Mai sanyi za ka ba shi, dattijo ne."

Yaya, da hannuna na kai. Baba ya shanye, ya ɗaga kwalbar ya ce wa mutanen benci, "Kun gani? Har da ƙanƙara. Yaron nan bai manta da mu ba." Masinja ya juya baya yana danne dariya.

Wataƙila da na ƙara magana. Wataƙila ni ne ban iya roƙo ba. Amma kin san karatun yarana a kan aikin nan yake.

Baba ya ce gobe da wuri zai koma ofis, kafin layi. Ki fara kwashe kayan marigayiya Inna daga ɗakin gaba, kada ki faɗa masa. Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Akawu

Na gobe:
Goge wa Baba rigarsa.
Nemo motar kwasar kaya.
Ce wa Baba Lauya ya yi tafiya. Ban tsai da ƙasar da zan ce ba tukuna.