Hira da Auta

Litinin, 3 ga Maris
Auta ya wuce shekara biyu da rabi, har yau babu kalma ko ɗaya. Nuni da yatsa, sai "mm". Likita ta ce kunnensa lafiya lau. Ta ce in naɗo mata muryarsa a gida kafin mu koma, daga nan za ta san ko sai an tura mu wajen ƙwararru.

Laraba, 5 ga Maris
Na gama karanta littafi na uku a kan yadda yara ke koyon magana. Kan masana a rabe yake. Wasu sun ce kwaikwayo ne: yaro ya ji, ya maimaita, a yaba masa. Wasu sun ce da shirin harshen ake haihuwarsa, lokaci kawai yake jira, kamar haƙori. Wasu kuma sun ce sai ana hulɗa da shi. A cikinsu babu wanda ya taɓa ganin Auta.
Na ɗauki abin da zan iya: in cika masa kunne.

Asabar, 8 ga Maris
Ina masa wanka ina bayani, ina sa masa riga ina bayani. Har kanun labarai na karanta masa. Babansa ya leƙo daga falo: "Gidan rediyo, ƙarfe nawa kuke rufe tasha?" Ban yi dariya ba.
Surukata ta ce, "Ubansa ma sai da ya kai uku, ga shi yanzu bakinsa ba ya hutawa." Mutum ɗaya ba hujja ba ne. Ban dai faɗa mata ba.

Talata, 11 ga Maris
A ofis, sashen labarai, na mayar wa sabuwar wakiliyarmu da hirar da ta kawo. Na ce, "Ƙanwata, wa kika je ji, ke ko shi? In kin yi tambaya ki kama bakinki. Shirun zai dame shi, shi zai cike gurbin." Abin da aka fara koya mini ke nan a aikin nan.

Alhamis, 13 ga Maris
Na naɗi muryar Auta a waya.

Juma'a, 14 ga Maris
Na zauna sauraro da biro a hannu, yadda nake yi wa kowace hira.
"Mene ne wannan, Auta? Kofi ne. Ka ce kofi. Wane launi? Ja ne, ko?"
Haka har ƙarshe. A wurare da dama ana jin ya ja numfashi, wani ɗan sauti ya fara fitowa, sai muryata ta danne shi. Da wakiliyata ce ta kawo mini wannan, da na ce ta koma.
Ba na cewa shi ne dalili. Ban sani ba.

Lahadi, 16 ga Maris
Na yi masa tambaya na ciji leɓe. Ya dube ni kamar rediyon ya lalace. Ashe shiru ma aiki ne.

Laraba, 26 ga Maris
Da safe muna tsaye a taga, motar kwasar shara ta zo. Ya nuna, ya waiwayo yana jira in faɗa. Na jira shi. Motar ta gama lodi ta sha kwana, har na fid da rai.
"Tafi," in ji shi. Ga taga ya faɗa, ba gare ni ba.
Kalma ɗaya ba hujja ba ce. Zuwa wajen likita yana nan jibi.
Wayar tana hannuna a lokacin. Ban tuna da ita ba sai da na iso ofis.