Zaitun Ɗin da Kika Aiko

Assalamu alaikum, Yaya Hauwa.

Ina gaishe ki da kyau. Yaya Alƙahira, yaya maigidan da karatunsa, yaya su Ummi? Mu nan Bebeji sai godiya. Kullum kina tambaya ko shiru ne har yanzu, to bari in faro miki daga farko.

Zaitun ya iso, kwalba biyu, ɗaya kore ɗaya baƙi. Na jera shi a faranti ranar Juma'a, yadda ake yi a littattafan da nake karantawa. Surukata Inna ta ɗauka atilin Doguwa ne, har ta ɗora ruwan ɗumi za ta jiƙa. Na maimaita mata bayaninki: koren fasa shi ake yi, a jiƙa ana sauya ruwa har ɗacin ya fita, sannan a zuba cikin ruwan gishiri. Baƙin kuwa cikin busasshen gishiri ake binne shi har ya yamushe. Ta ɗanɗana ta ce, "'Yar nan, duk wahalar a kan wannan?" Maigidana Malam ma ɗaya ya ci, don kara.

Ni kuwa da na kwana biyu abinci ba ya zama mini, na cinye koren tas, har ruwan na kurɓa. Inna ta daɗe tana kallona, sannan ta ce in shirya mu je asibiti. Yaya, abin da muka shekara uku muna roƙo ya samu.

Ki taya ni addu'a Allah ya raba lafiya. Ki gaida mutan gidan duka. In kin sami mai tahowa, koren nake so.

Ƙanwarki,
Bilkisu