Talo-talon da Mama Ta Ƙi

Skipton, 3 ga Disamba

Zuwa ga ƙanwata Philippa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Hamish da yaran, kuna shan ranarku ta Dunedin, mu kuwa ruwa bai ɗauke mana ba tun Lahadi. Muna nan ƙalau, gwargwadon lafiyar waɗanda suka haura hamsin. Gwiwar matata Maureen ta yi sauƙi, 'yarmu Imogen ta dawo hutu, Mama kuma tana nan da ƙarfinta, har ƙarfin ya so ya yi yawa kamar yadda za ki ji. Allah ya ƙara mana lafiya baki ɗaya.

Kin san wannan ce Kirsimetinmu ta ƙarshe a gidan Mama, tunda an sayar da shi kuma za ta dawo wurinmu a watan Maris. Burinta ɗaya ne, ta ga 'ya'yanta da ke kusa a teburin nan sau ɗaya kafin a fitar da shi. To, yanzu saura ƙiris hakan ya gagara, kuma a kan tsuntsu.

Ranar Asabar na kai ta wurin mahauci don ya ajiye mana talo-talo, yadda aka saba tun kafin a haife mu. Layi har bakin ƙofa. Mutumin ya tambayi girman da muke so, sai Mama ta gyara jakarta ta shaida masa, da muryar da kowa zai ji, cewa ita ba ta taɓa son naman nan ba, taunarsa kamar taunar tsumma ce. Shekara sittin, Philippa. Wai Baba ne ke so, da ya rasu kuma ta ci gaba saboda mu, tunda kowace shekara muna ce mata ya yi daɗi. Na tsaya ina tuna yadda muke tsoma shi cikin romo don ya wuce maƙogwaro, muna murmushi da hulunan takarda na bikin a ka, sannan mu yi ta cin saura har sabuwar shekara. Da na koma gida na binciki kowa. Maureen ba ta so. Ni ma ba na so. Ashe gida guda muka yi shekaru muna yi wa juna ladabi da busasshen nama.

Za ki ɗauka daga nan sai murna. Ina! Kowa ya fito da abin da ya daɗe yana ɓoyewa. Maureen ta ce cinyar rago, Mama ta ce wannan na Ista ne, kada a rikita mata shekara. Aka ce naman sa, ta ce abin da ake ci kowace Lahadi ba ya zama biki. Imogen, wadda ta bar cin nama tun da ta shiga jami'a, ta kawo shawarar wani curin gyaɗa da laimar kwaɗi, ta rantse ba za mu gane bambanci ba. Na ce mata zan gane ko ina barci. Ni kuwa na ba da shawarar dinya, babbar yayar agwagwa, na yi musu bayanin cewa ita kakanninmu ke gasawa kafin talo-talo ya tsallako daga Amurka ya ƙwace teburin. Ban kai rabin tarihin ba Maureen ta ce in ajiye karatuna in ɗauko mata kwandon wanki.

Duk wannan mai sauƙi ne. Da Yaya Clive ya ji, sai ya bugo waya ya ce in babu talo-talo babu shi, zai zauna a ɗakinsa na Bradford ya ci abin da ya samu. Mama ta ce ba komai, kowa da ra'ayinsa, sannan ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa ba ta fito ba sai la'asar. Ita ba za ta janye ba, shi ma kin san shi.

Jiya na tuƙa mota takanas na je na same shi, raina a ɓace. Na yi masa wa'azi na kusan awa guda a kan son kai, yana ta wanke kofi ɗaya. Da na matsa, ya amsa cewa shi ma naman bai dame shi ba. Na tambaye shi, to rigimar ta mece ce? Bai juyo ba ya ce, "In Maureen ta fito da nama a yayyanke daga kicin, ni me zan tsaya in yi?"

Sai a nan na gane. Tun rasuwar Baba, Clive ke miƙewa a kan tebur ya wasa wuƙar Baba, ya yanka wa kowa rabonsa, muna jira da faranti. Tunda matarsa Pauline ta bar shi kuma masaƙar da yake aiki ta rufe, ba na jin akwai wata rana a shekara da mutane ke zuba masa ido suna jiransa. Da ya faɗi haka tun farko da ya hutar da ni man mota, amma a gidanmu ba a faɗin abu sai ya shekara sittin.

Mahaucin zai rufe karɓar oda ranar Juma'a, don haka da safen nan na sa ya ajiye dinya, ban shawarci kowa ba. Ya gargaɗe ni cewa ƙashi ne da ita ta ko'ina, wanda bai iya ba sai ya yi kaca-kaca da ita. Na ce madalla, ita nake nema.

Ga roƙona. In na gayyaci Clive ya zo ya yanka, zai gane tausayi ne, ba zai zo ba. Ke yake saurara. Ki buga masa waya kafin ƙarshen mako, ki yi hirar duniya, can a tsakiya ki ce kin ji wai Desmond ne zai yanka dinyar bana, da wuƙar Baba. Kada ki ƙara komai. Ya san ko burodi ban iya yankawa a miƙe ba. Ina sa ran ganinsa a bakin ƙofa tun kafin a sa dankali a wuta, yana zagina, Mama kuma ta samu teburinta a cike.

Ki gaishe da Hamish, da Fergus, da 'yar auta Elspeth, ki ce kawunta ya ga zanen da ta aiko, bai dai gane doki ne ko kujera ba. Mama da Maureen da Imogen suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Naki yayanki,
Desmond